Tirelar Farauta Mai Sola: Yadda Ake Zaɓenta da Shirya Ta Kafin Shiga Daji

Da zarar Satumba ta kama a jihohin yammacin Amurka, irin su Kolorado, Montana, Wayomin da Aidaho, hanyoyin da ke hawa tsaunuka sukan cika da motocin a-kori-kura, kowace na jan ɗan ƙaramin ɗaki mai taya, da farantan sola shimfiɗe a rufinsa. Mafarauta ne za su shiga daji neman elk, wata babbar barewa da namijinta kan haura kilo 300. Binciken da hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta yi a 2022 ya nuna mutum miliyan 14.4 ne suka yi farauta a shekarar. Na yammacin ƙasar kuwa, da yawansu a filayen gwamnati suke yi. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, wato BLM, ita kaɗai na riƙe da eka kusan miliyan 245, hukumar gandun daji kuma eka miliyan 193. A mafi yawan filayen nan an yarda mutum ya yada zango kyauta har kwana 14 a wuri ɗaya, sai dai babu wuta, babu famfo, babu banɗaki, sau da yawa ko sabis ɗin waya babu.

Tanti ya fi arha, amma wanda ya yini yana hawa dutse cikin sanyi yana son ya dawo ya tarar da busasshen shimfiɗa da ɗaki mai ɗumi. Janareto yana da ƙara da warin mai, ga shi ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi 3 cikin 100 a duk hawan mita 300, alhali sansanonin farautar elk sukan kai mita 2,500 zuwa 3,000. Da batirin litiyam ya yi sauƙi, sai mafarauta suka karkata ga sola. A 2021 kamfanonin Amurka sun fitar da motoci da tirelolin kwana sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, kuma yawancinsu a jihar Indiyana ake haɗa su, musamman a kewayen garin Elkhart. To amma akasarin waɗannan don kwalta aka yi su, da wuraren shaƙatawa masu soket. Buƙatar mafarauci daban ce.

Shawarata ita ce ka zaɓi tirela saboda kwana ukun da suka fi muni a tafiyarka: hadari ya rufe rana, dusar ƙanƙara ta sauka, hanya ta caɓe. Kuma ka bi ta daga ƙasa zuwa sama, wato mota, shasi, lissafin wuta, batir, sannan faranti a ƙarshe. Masu saye da yawa daga faranti suke farawa saboda shi ido ke gani, kuma su ne ke kwana cikin duhu a rana ta huɗu.

Fara da motar da za ta ja

Buɗe ƙofar direba, za ka ga takarda liƙe a jikin ƙarfen ƙofar da ke faɗin iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. Wannan lambar ta fi lambar nauyin da za ta iya ja muhimmanci, domin ita ke fara ƙarewa. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela a kan ƙugiyar mota yake sauka, kuma cikin kayan mota ake lissafa shi. A ce tirela da kayanta kilo 1,400 ce, to wajen kilo 200 na danne bayan motar. Idan iyakar motar kilo 600 ce, ka cire 200, ka cire maza uku masu kilo 250, saura 150. Cikin wannan za a saka bindigogi, mai, ƙanƙara, da naman da ake fatan dawowa da shi. Ka ga tun a gida lissafi ya ƙure.

Kada ka dogara da nauyin da dillali ya faɗa maka, don nauyin tirela ce babu komai a ciki. Kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Ka loda ta yadda za ka tafi da ita, ka kai ta ma'aunin manyan motoci a auna. A jihohi da dama doka ta wajabta birki a tirelar da ta kai fam 3,000, kusan kilo 1,360, amma ni a ganina duk tirelar da za ta gangaro daga tsauni a kan laka tana buƙatar birkinta, ko ba ta kai haka ba.

Sunkuya ka leƙa ƙarƙashi

A nan ne kuɗinka zai tsira ko ya salwanta. Abin da ke kashe tirela a daji gargada ce, irin wadda ke sa haƙoran direba kaɗawa na tsawon kilomita 30 ba hutawa. Ita ke kwance noti, ta tsaga walda, ta ɓalle ƙofar kabad, ta goge waya har ta haɗa wuta. Ba mamaki ƙirar da ta fi juriya daga ƙasashen da ke da irin wannan hanya ta fito: Patriot Campers da Bruder daga Ostiraliya, Conqueror daga Afirka ta Kudu. Kamfanoni irin su Off Grid Trailers a Kanada da Escapod a jihar Yuta su ma sun shigo kasuwar.

Ka zo da tocila da tsohon kwali, ka kwanta ƙasa ka duba. Shasin ya zama ƙarfen da aka tsoma cikin narkakken zinki don kada ya yi tsatsa, ko kuma alminiyam mai kauri, domin a lokacin sanyi ana zuba gishiri a titunan Amurka, gishiri kuwa cin ƙarfe yake yi. Bi layin walda da yatsa. Mai kyau yakan tafi sumul bai ɗaya, marar kyau kuma guntu-guntu ne da ramuka. Duba inda wayoyi da bututun gas suka ratsa ƙarfe, ko an sa roba a bakin ramin. Duba tankin ruwa, ko akwai farantin ƙarfe da ya kare shi daga duwatsu.

Sai ƙafafu. Tirelar da kowace taya ke motsi ita kaɗai, kamar tsarin Timbren na Kanada ko Cruisemaster na Ostiraliya, ba ta da doguwar sandar ƙarfe a tsakiya da za ta riƙa bugun dutse, kuma tana shanye gargada. Tsohon tsarin sifirin mai ganye ma ba abin rainawa ba ne, don kowane mai walda a ƙauye zai iya gyara shi, amma a haɗa masa shoka. Abu uku nake so ka nace a kansu. Faɗin tayoyin tirela ya yi daidai da na motar, yadda za su bi sawun da mota ta riga ta buɗe cikin laka ko dusar ƙanƙara. Girman taya da ramukan noti su zama iri ɗaya da na motar, yadda safayar ɗaya za ta shiga ɗayar. Sannan ƙugiya ta zama mai juyawa kowane ɓangare, domin ƙugiyar ƙwallo ta yau da kullum tana da iyakar lanƙwasa, idan mota ta faɗa kwari tirela na kan tudu tana iya ƙwacewa ko ta murɗe.

Game da jiki, akwai masu rufin tamfol da ake buɗewa, akwai masu bango mai ƙarfi. Na tamfol sun fi sauƙi da faɗi, kuma sun wadatar a farautar kwari da baka ta Satumba. Amma wanda zai fita farautar bindiga a Oktoba da Nuwamba, bango mai ƙarfi nake ba shi shawara. Naɗe jiƙaƙƙen tamfol da ya daskare da asuba wahala ce, ɗumi ba ya zama a cikinsa, kuma a yankunan da ke da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai bin warin abinci, ba a ɗaukar tamfol a matsayin ma'ajiyar abinci. Ka tambaya ko akwai katako a cikin bangon. Idan ruwa ya sami hanya, katako ruɓewa yake yi a ɓoye. Rufe kanka a ciki da rana tsaka ka duba gefen ƙofa: duk inda haske ya shigo, ƙura da sanyi ma ta nan za su shigo.

Lissafin wuta, da biro da takarda

Rubuta duk abin da zai sha wuta, ƙarfinsa da wat, da awannin da zai yi a kunne. Ka ninka wat da awanni, abin da ya fito shi ne wat-awa, sai ka tara. Ga misali na sansanin mutum biyu ko uku a ƙarshen Oktoba. Firji mai kwamfiresa, na lita 45, zai iya shan wat-awa 350 a yini tunda gari da sanyi. Hitar dizal, fankarta da famfonta, awa 10 na dare, wajen 250. Fitilu 75. Cajin wayoyi, na'urar nuna hanya, rediyon hannu da fitilar goshi, 100. Famfon ruwa 25. Idan akwai Starlink Mini, wato ƙaramar na'urar intanet ta tauraron ɗan adam, mai shan wajen wat 30, awa biyu sun zama 60. Jimilla 860. Ƙara abin da ke salwanta a waya da inbata, ka ɗauka wat-awa 1,000 a yini.

Yanzu ninka da uku, saboda kwana uku babu rana: 3,000. Wannan ita ce lambar da za ka riƙe a hannu idan ka je kasuwa.

Kada ka sa butar lantarki, hitar lantarki ko murhun lantarki cikin wannan tsari. Duk abin da ke mayar da wuta zafi yana cinye batir cikin ƙanƙanin lokaci. Girki da gas, ɗumi da dizal ko gas, batir kuma na ƙananan abubuwa. Duk abin da za a iya samu mai aiki da volt 12 kai tsaye, a saye shi, domin inbata ko ba ta aikin komai tana shan wuta muddin tana kunne.

Batir

Nau'in litiyam da ake kira LiFePO4 shi ne ya dace. Mai 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,280, kuma kana iya shan kusan kashi 90 ba tare da ka cutar da shi ba. Uku daga cikinsu sun cika 3,000 ɗinka, nauyinsu gaba ɗaya wajen kilo 40. Batirin dalma rabinsa kawai ake sha idan ana son ya daɗe, don haka za ka buƙaci wajen 500Ah, nauyi kusan kilo 150. Batirin tubula da ake sawa a gidaje a Kano da Kaduna kuwa ba ya shiga tirela ko kusa, saboda ruwan batir ne a ciki, gargada za ta zubar da shi, ga tururin da yake fitarwa a wurin da mutum ke barci.

Amma litiyam yana da sharaɗi ɗaya da ya shafi mafarauci fiye da kowa: ba a cajinsa idan sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 0. Yana iya ba da wuta a cikin sanyi, amma tura masa caji a wannan hali lalata shi yake yi, lalacewar da ba ta gyaruwa. Batir mai kyau yana da na'urar ciki da ke katse caji idan ya yi sanyi. Hakan na kare batirin, sai dai kai ka yi asarar hasken safiya, rana na dukan faranti amma babu abin da ke shiga. Mafita biyu ce, kuma gara a haɗa su. A sayi batir mai ɗumama kansa, sannan a ajiye shi cikin ɗakin tirela, ƙarƙashin gado, inda ɗumin hita ke kaiwa. Tirela da yawa a akwatin gaba, waje, ake sa musu batir. Idan taka haka take, a mayar da shi ciki kafin tafiya.

Sa fiyus daf da kan batir, a wayar da ke fitar da wuta, tazarar da ba ta wuce ɗani ɗaya ba. Yi amfani da waya mai kauri, domin a volt 12 siririyar waya tana zafi tana kuma zubar da wuta. Sannan ka sa mita mai ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Volt ɗin litiyam kusan ba ya motsi daga cike har ya kusa ƙarewa, don haka mitar volt kaɗai za ta nuna maka lafiya lau har zuwa lokacin da komai zai mutu.

Sai yanzu faranti

Wanda ya saba da sola a Arewacin Najeriya ko Nijar ya saba da rana mai tsayawa kusan tsakiyar ka, inda faranti ko a kwance yake yana kawo wuta. Kolorado kuwa tana can arewa, kusan digiri 40 daga layin da ya raba duniya biyu. A farkon Nuwamba, ko da tsakar rana, rana ba ta wuce kusan digiri 35 daga ƙasa, yini gajere ne, duwatsu suna tare ta safe da yamma, ga dogayen itatuwa. Idan ka samu awa uku na rana mai ƙarfi, ka gode. Faranti mai wat 400 a kwance a rufi, bayan an cire asara, zai ba ka wajen wat-awa 840. Bai ma cika abin da kake sha a yini ba, balle ya biya bashin kwanakin hadari.

Saboda haka ka raba farantanka biyu. Wat 300 zuwa 400 a kafe a rufi, suna aiki ko kana tafiya ko ba ka nan. Sai wat 200 ko fiye na naɗewa, da waya mai kauri ta mita 10, da za ka ja zuwa fili ka jingina shi yana fuskantar kudu, a tsaye sosai, wajen digiri 50. Wannan karkatar kaɗai tana ƙara wuta ƙwarai a wannan lokaci na shekara, kuma dusar ƙanƙara tana zamewa daga faranti mai tsaye. Na rufi kuwa sai ka share su, don haka ka tafi da tsintsiya mai laushi da ɗan tsani. Inuwar reshe ɗaya a kan faranti tana iya rage wutarsa fiye da yadda girman inuwar ya nuna, shi ya sa wurin da za ka ajiye tirela ya cancanci ka sauko ka zagaya da ƙafa kafin ka kwance ƙugiya.

Kwantirolar caji ta zama irin da ake kira MPPT, mai tatso iyakar wutar da faranti zai iya bayarwa. Ka lura cewa sanyi yana ɗaga volt ɗin faranti: a digiri 15 ƙasa da sifili zai iya haura abin da aka rubuta a bayansa da fiye da kashi 10. Ka bar wannan tazara lokacin zaɓen kwantirola, don safiya mai tsananin sanyi da haske ita ke ƙona ta.

Akwai cajar da ke ɗauko wuta daga injin mota zuwa batirin tirela. Mai amfiya 30 tana ba da wajen wat-awa 400 a kowace awar tuƙi, kuma tana sa ka isa sansani da batir cike. Sai dai ka tuna mota kullum da asuba take barin tirela ta tafi bakin daji. Dabarar da ta fi ita ce ka riƙe ƙaramin batirin tafi-da-gidanka a cikin motar, yana caji a zirga-zirgar yini, da dare ka shigo da shi ya ɗauke nauyin wayoyi da fitilu.

Ɗumi da ruwa

Hitar dizal tana ƙona mai a rufaffen wuri, hayaƙin ya fita waje, busasshiyar iska mai ɗumi ta shigo ciki, kuma ƙaramar ba ta wuce rubu'in lita a awa. A kan tsauni iska ba ta da kauri, don haka hitar da ba a saita ta ba takan tara baƙin hayaƙi ta toshe. Ka nemi mai saitin tudu. Hitar gas da ke ƙonewa a cikin ɗaki tana jiƙa bango da bargo da tururi, kuma ba a kwana da ita a kunne. Ko wace iri ce ka sa, na'urar da ke ƙara idan iskar gubar hayaƙi ta taru wajibi ce, da sabon batir a cikinta. Wannan iskar ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta. Ka bar taga a ɗan buɗe ko da sanyi ya kai ina.

Tankin ruwa da ke ƙarƙashin tirela zai daskare a Nuwamba ya fasa bututu da famfo. A ƙarshen kaka gara ka zubar da ruwan tanki gaba ɗaya, ka ɗauki jarkoki ka ajiye su cikin ɗaki.

Nama

Namijin elk idan aka cire ƙashi yakan ba da nama kusan kilo 100, wani ya fi. Firjin lita 45 na abincin sansani ne, kuma zuba masa nama mai ɗumi zai sa ya yi ta aiki har ya ƙarar da batir bai sanyaya tsakiyar naman ba. Abin da ake so shi ne naman ya sauka ƙasa da digiri 4 da wuri. A feɗe nan take, a raba gaɓoɓi, a sa cikin buhunan yadi masu shan iska, a rataye a inuwa iskar dare ta ratsa shi. Idan ya huce, sai a jera shi a manyan kuloli da ƙanƙara, ba tare da ya kwanta cikin ruwa ba. A Satumba, da rana ke da zafi, kada ka jira cikar kwanakinka. Ka sauka gari ka kai wa masu ɗakin sanyi.

A yankunan da ke da babban nau'in beyar da ake kira grizzly, wato sassan Montana, Wayomin da Aidaho, akwai dokar ajiye abinci. Abin da aka rataye ya kai ƙafa 10 daga ƙasa, ƙafa 4 daga jikin itace, gawar dabba kuma ta yi nisan yadi 100 daga wurin kwana. Kada jini ya taɓa tirelar da kake barci a ciki. Haka kuma akwai cutar da ake kira CWD, mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967. Saboda ita jihohi da yawa sun hana shigo da kai mai ƙwaƙwalwa da ƙashin baya daga wata jiha, don haka ka karanta dokar jihar da ka yi farauta da ta duk jihar da za ka ratsa.

Takardu da gwaji

Lasisin farauta da izinin dabbar da kake nema su ne kan gaba. A Kolorado duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 sai ya nuna shaidar kwas ɗin koyon farauta, kuma mai farauta da bindiga dole ya sa tufa mai launin lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, inci murabba'i 500, har da hula. Kowane gandun daji na tarayya yana da taswirar hanyoyin da aka yarda mota ta bi. Ka sauke ta a waya tun kana da sabis, ka kuma riƙe ta takarda. Bincika ko an hana hura wuta a yankin. Yada zango nesa da rafi da aƙalla mita 60. Kafin ka kutsa kowace siririyar hanya da tirela, ka taka da ƙafa ka tabbatar akwai wurin juyawa a gaba.

Makonni biyu kafin tafiya, ka yi gwaji a ƙofar gida. Cire tirela daga wutar gida, rufe farantan da bargo, kunna firji da hita da fitilu yadda za ka yi a daji, ka kwana uku a ciki kana rubuta abin da mita ta nuna safe da yamma. Idan batir ya ƙare a dare na biyu, ka san ko dai ka ƙara batir ko ka rage kaya. Bayan haka ka loda ta, ka ja ta kilomita 50 a hanyar tsakuwa, ka tsaya ka ɗora hannu a tsakiyar kowace taya. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, boris ɗinta na buƙatar giris ko canji. Sake ɗaure notin taya, bi kawunan batir da sifana, buɗe kabad ka ga abin da ya zube. A akwatin kayan gyara ka sa boris na safaya, fiyus, tef ɗin waya, jak da zai iya ɗaga tirelar da kayanta, shebur, famfon iska da sarƙar taya.

Idan kaka ta wuce, wanke ƙarƙashin tirela da ruwa mai ƙarfi don fitar da laka da gishiri, busar da tamfol da katifa, zubar da duk ruwan bututu, ka bar batirin litiyam da caji wajen rabi, ka cire masa waya gaba ɗaya, ka duba shi sau ɗaya duk bayan wata uku.